Tsohon da Ke Ƙaura da Matattunsa

A tashar Demak, Wagiyem mai kofi tana kallon wani tsoho: tabarma a hammata, tsintsiya a hannu, busasshiyar laka har gwiwa. Mai pindah ne, wato mai ƙaura. Ta san irinsu, teku ya cinye ƙauyukansu har da maƙabarta.

Ƙafarsa ɗaya a mota, yana waiwayen teku, yana kiran matattunsa a hankali: "Sumi. Darto. Ku taso, mun tashi."

"Baba, wa muke jira?" in ji direba. "Ko amarya ce?"

Tsohon ya raɓe jikin ƙofa, yana ba da hanya.

Wagiyem ba ta ga kowa ba. Amma direban bai tayar da mota ba sai da tsohon ya ce, "Sun shiga."