Shaidar Kunkuru

A unguwar Jarwal ta Makka na tashi, a wani tsohon gida mai hawa uku, kuma a gidan nan ba a cewa sanyi ya wuce sai kunkuru ya faɗa. Kakata ce ta kafa dokar. A garinsu, can ƙasar Katsina, shamuwa ce ke kawo labarin damina. Da ta zo Makka ta yi shekaru tana duban sama ba ta ga ko ɗaya ba, sai ta naɗa kunkuru a madadinta.

A kan rufin gidan yake zaune. Da iska ta ɗan yi sanyi sai ya shige ƙarƙashin tankin ruwa ya yi lamo, ita ma ta shige bargo. Sanyin Makka fa, wanda Bakano zai yi wa dariya! Amma ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai kunkurun ya fito, wai shi da gwiwoyinta bakinsu ɗaya.

Wata shekara aka yi ruwa sosai. Babana ya biyo ta wajen Muzdalifa, ya dawo yana cewa baƙaƙen duwatsun nan sun yi kore shar. Irin wannan ciyawa ba ta daɗewa, rana na buɗewa ta ƙone. Ni kuwa na ƙwallafa rai sai Kaka ta gani, don tun ina ƙarama nake jin tana cewa ba abin da take kewa kamar ta taka ɗanyar ciyawa.

Na ce, "Yalla, Kaka, mu je ki gani."

"Ya fito?"

"Tukuna."

"To halas, magana ta ƙare. Ni ba na riga malam masallaci."

Kwana huɗu ina hawa sama ina leƙensa. Na ajiye latas, na ajiye tumatir, na roƙe shi da Hausa, na zage shi da Larabci. Ko gezau. Ni kuma ba a san ni da haƙuri ba. Ranar Alhamis da hantsi na kwanta rubda ciki, na zura hannu na jawo shi, na goge masa baya tas da tsumma, na dasa shi a rana, na sauko ina ihun ya fito.

Kaka ta hau da ƙyar tana dafa bango. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo kaina.

"Ikon Allah! Kullum buɗu-buɗu yake fitowa da ƙura, bana har wanka ya yi. Ƙurar kuma ga ta a gaban rigar ƙawata."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse. Ita kuwa dariya take har da riƙe ciki. Da ta lafa ta ce, "Tunda kin yi wa dabba ƙage saboda ni, ɗauko mini mayafi. Haɗo da bargon."

Bayan la'asar babana ya kai mu a mota. Ta fito naɗe da bargo, ta tuɓe takalma, ta shiga ciyawar a hankali kamar mai gwada zafin ruwan wanka. Ba ta yi nisa ba ta durƙusa gaban wani ɗan tsiro, ta murza ganyen ta shinshina. Filasko ne, irin na bayan gidansu can ƙasar Katsina.

Ta ce wa tsiron, "Kai ma aikin Hajji ka zo ka zauna?"

Har aka kira magariba ba wanda ya iya ce mata ta tashi.