Kwalin Sallar 'Yata

Shekarun baya, saura mako biyu Ƙaramar Sallah, na tambayi 'yata abin da take so in saya mata. Shekarunta huɗu a lokacin. Ina zaune a tsakar gidanmu a Ikara ina duba littattafan ɗalibaina, ban ko ɗago kai ba. Ta ce, "Umma, kwali nake so."

Daɗi ya kama ni. Na ce a raina yarinya ta gado ni wajen son kwalliya. Har na fara hango idanunta ranar idi, an zizara musu baƙi kamar na 'yar barewa. Na ce, "Ba kwali ake cewa ba, kwalli. Maimaita." Ta maimaita don a zauna lafiya, sannan ta ƙara da cewa, "Babba." Sau uku muna yin haka kafin Sallah, kullum ina gyara mata baki, ni malamar Hausa.

Ran kasuwar Makarfi na zaga har na samo tandu mafi girma, mai ado ja da kore, na sa aka cika shi da kwalli. Na haɗa da atamfa da takalmi mai ƙyalli.

A Saulawa muka yi Sallar, gidan iyayena. Da safe na miƙa mata tandun ina jiran tsalle. Ta juya shi, ta leƙa bakinsa. Ta ce, "Ba za su shiga ba." Ta ƙi wanka, ta ƙi sa kaya, ga mutane sun fara wucewa filin idi. Raina ya ɓaci, na fara lissafo mata yaran da ko ɗankunne ba su samu ba.

Mahaifiyata ta ajiye muciya, ta zauna a ƙasa daidai tsayin yarinyar. Ta ce, "Zo nan, ƙawata, rabu da uwarki. Su wa za su shiga?"

"Tsakina."

"Me zai same su in ba su shiga ba?"

"Shirwa."

Sai a lokacin na tuna. Zuwanmu na baya, mahaifiyata ta ba ta kyautar 'yan tsaki huɗu, kuma a gaban idonta shirwa ta sauko ta sure ɗaya. Ashe tun ranar yarinya tana ɗauke da ukun da suka rage a ranta, tana nema musu ɗaki.

Mahaifiyata ta dube ni tana danne dariya. "Malama, duk karatun nan, harafi ɗaya ya kayar da ke?"

Abin kunyar, kwalin da na zubo tsaraba a ciki yana bayan ɗaki, ni da kaina na jefar da shi ran jajibere. Muka ɗauko, mahaifiyata ta huda masa tagogi da tsinke, ta shimfiɗa ƙaiƙayi. 'Yata ta saka tsakinta ɗaya bayan ɗaya, ta yi musu barka da Sallah. Sannan ta zo ta miƙo mini fuska, ta ce, "To, sa mini kwallin." Ta faɗe shi daidai, da lam ɗinsa biyu. Dama can ta iya.

Mun iske idi da ƙyar, ɗankwalina a karkace.

Na daɗe ina tunanin abin. Na saya mata abin da ni nake so a shekarunta, na kuma kira shi nata. Mahaifiyata ko aji ɗaya ba ta shiga ba, amma ta san a tambayi yaro me zai yi da abu kafin a gyara masa magana.

Tandun yana nan a kan madubina, har yau bai ƙare ba. Jikokin tsakin nan kuwa sun cika gidanmu na Saulawa, su ne ke tashin mutane da asuba.