Latin ɗin da na rubuta wa bakanike

Ban san Latin ba, ban taɓa sani ba. Aji bakwai na gama, na samu aikin masinja a ofishin gona na Keffi, shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa. Na iya rubutu da fenti, amma cika baki na fi iyawa.

Akwai wani bakanike ɗan kudu a Sabon Gari, shi ke gyara mini keke, mun shaƙu sosai. Ranar da ya ce da Latin ake addu'a a cocinsu, na ce ai ni ma ina taɓawa. Allah ya yafe mini. Da aurensa ya matso, sai ga shi da farin ƙyalle.

"Malam, rubuta mana fatan alheri da Latin. Surukaina su san ina da manyan mutane."

Kunya ta hana ni janye ƙaryata. A bangon ofishinmu akwai takarda mai hotunan shuke-shuke, kowanne da sunansa a ƙasa, na kuma ji malamin gona ya ce Latin ne. Na kwafi na gyaɗa, na dawa, na doya. Sai na ga wani fure ja mai kyau, na ce wannan na amarya ne, na rubuta shi a ƙarshe da manyan baƙaƙe. Ni ɗan unguwar Gangaren Tudu ne, cikin gari, ban taɓa riƙe fartanya ba.

Ranar biki aka rataye ƙyallen saman kan ango da amarya, surukai suna ta jinjina kai. Ashe an gayyaci malamin gona. Ya karanta, ya yafito ni.

"Gyaɗa da doya na gane. Me suka yi maka ka haɗa su da ƙuduji?"

"Ranka ya daɗe, fure ne."

"Furen da ke kashe dawa. Za ka faɗa masa, ko in faɗa?"

Washegari na je gareji na faɗa wa bakaniken gaskiya, ina jiran ya kore ni. Ya yi dariya har ya zauna kan taya, sannan ya sa almakashi ya yanke ƙasan ƙyallen. Saman ya rataye a falonsa, guntun kuwa ya zama tsumman goge baƙin mai. Duk ranar da na kai keke sai ya miƙo mini shi.

"Malam, karanta mana."