Dangwalen da na hana Sale

Sale ƙanena ya miƙo takarda da tawada, ni kuwa na cusa hannuna cikin riga. A Doguwa ne, zamanin Turawa. Makarantar malaman dabbobi yake nema, Baba ya rasu, sai na dangwala yatsa za a karɓa.

"Yaya, gobe ake rufewa."

"Mutanen da suka yi wa shanunmu allura, bakwai suka mutu? Cikinsu za ka shiga?"

"Don kada a sake ne, Yaya."

Ban dangwala ba. Har ya rasu bai ƙara kirana Yaya ba.

Yau jikarsa ta zo neman albarkata, wai likitar dabbobi za ta zama. Na ce ta dawo gobe.

Shanun nan dai ban yafe ba. Jama'a, in ta dawo me zan ce mata?