Layin da Kabiru ya goge

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Sanusi makwancinsa, kuma bana ne na fara zaman addu'arsa da ɓacin rai.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, haifaffen unguwar Limancin Kona a birnin Zazzau. Shi da amininsa Kabiru suka haɗa wata laburare ta masu rubuta manhaja, wadda ke kwaso sababbin labarai daga shafukan intanet ta jera su wuri guda. Kyauta suka sake ta. Kabiru ya riƙe manyan sassa, Yaya kuwa ya ɗauki abin da kowa ke gudu, wato rubuta bayanin ƙananan ayyukan ciki. 'Yan aike yake ce musu. Akwai mai daidaita kwanan wata, don wani shafin wata yake fara sawa kafin rana. Akwai mai share tarkace daga kanun labari, da mai cike adireshin da ya zo guntu. Kowanne sai ya rubuta abin da ake ba shi, da abin da yake mayarwa, da inda yake gazawa. Wannan na ƙarshen ya fi cin lokacinsa. Ya kan ce in ka ɓoye wa mutum inda kaya ke da rauni, ka cuce shi.

Kakanmu mai kwafar littattafai ne da hannu, kuma a gidanmu ba a gama rubutu sai an rufe da sunan marubuci da roƙon addu'a. Haka Yaya ya yi. A ƙarshen kowane shafi akwai layi ɗaya: sunansa, da roƙon wanda ya amfana ya nema masa gafara. Bai haihu ba. Da ya rasu, wannan layin Inna, mahaifiyarmu, ta riƙe. Ba ta karanta boko, amma duk shekara sai ta sa na buɗe mata a waya na karanta, ita kuma ta ce amin.

A makon jiya na buɗe don in shirya. Bayanin yana nan kalma da kalma, har misalin da ya bayar da ranar Sallah. Layin ne babu. A gurbinsa an sa sunan wata cibiya, kuma Kabiru ne shugabanta.

Na same shi a ofis. Na ce, "Yaya Kabiru, ina sunan Yaya Sanusi?"

Ya ce, "Haba Bashir, aikin ya zama na duniya yanzu. Masu tallafa mana suna son komai bisa tsari. Sunansa yana nan cikin tarihin aikin, duk mai nema zai gani."

Wa ke tono tarihin aiki don ya yi wa mamaci addu'a? Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu kuma bai huce ba. Mutumin nan a kwano ɗaya suka ci tuwon Inna da Yaya, shi ya kama makara ta wajen kai. Da baƙo ne ya goge, da na ce bai san al'ada ba. Kabiru ɗan Ƙofar Galadima ne, ya san sarai abin da ya cire.

Na yi ta tambayar kaina me Yaya zai ce da yana raye. Na san halinsa, sunan ba zai dame shi ba. Zai fara duba ko an taɓa wuraren da ya yi gargaɗi, in ya ga ba a taɓa su ba, shi ke nan. Aikinsa yana ci, mutanen da ba su taɓa jin sunan Zazzau ba suna amfana, lada kuma ba a hannun Kabiru yake ba. Amma roƙon mamaci amana ce, kuma a hannun Kabiru aka bar ta.

Na kasa gaya wa Inna. Ranar addu'a Kabiru ya zo, ya zauna a zaure tare da mu, bayan an shafa ya shiga ciki gaishe ta kamar kullum. Ya durƙusa. Ta karɓi wayata ta miƙa masa.

"Bana kai za ka karanta min, Kabiru. Buɗe wurin ɗan'uwanka."

Ya karɓa. Ya daɗe yana murza fuskar wayar sama da ƙasa, bai ɗago kai ba. Inna kuwa ta riga ta ɗaga hannuwanta tana jira.