Ranar da karatun duwatsu ya jiƙa ni

Jiya na tsaya ina kallon Rahina, 'yar ƙanwata, durƙushe a filin masallacinmu na Nyohini, tana murza tsakuwar da injin bohol ke fesowa.

Ni na fi kowa yi mata tsiya lokacin da ta zaɓi jiyoloji a jami'a. Na ce ana karatun likita, ke kin tafi karatun duwatsu!

Sau biyu ana haƙa mana bohol ba ruwa, matanmu na ta fama da jarka. Wannan karon ita ta nuna wurin, amma da aka yi nisa mai injin ya kashe, wai a banza ne.

Na ce, "Rahina, a haƙura mana."

Ta zuba min tsakuwar a hannu. "Kawu, taɓa ka ji. Ta ɗazu santsi gare ta, wannan kuwa kaushi. Dutsen ya canza. A ƙara bututu biyu."

Ba a gama na biyun ba ruwa ya yi sama, ya jiƙa ni har hula. Wallahi ban matsa ba, na bari ya wanke bakin nan nawa.

Ku fa, wane karatu kuka taɓa rainawa ya dawo ya ba ku kunya?