Abin da Barmo Bai Tambaya Ba

Barmo ɗan Karofane ne, amma a Madawa ya yi wayo, a garejin wani mutumin Dahomai mai gyaran motocin albasa. Kafin ya kai shekara talatin babu direban da ke bin hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi da bai san shi ba. Sunan da suka laƙaba masa shi ne Buɗe-mu-gani, domin bai iya wuce abu mai ƙusa a jiki bai so ganin cikinsa ba. Ya buɗe injin niƙan ƙauyen Bangi alhali lafiyarsa lau. Ya buɗe agogon wani jandarma. Ya buɗe rediyon liman, wadda tun daga ranar tasha ɗaya kawai take kamawa, liman kuwa ya ce ai dama ita yake saurare. In ya tsare mutum da tambaya, sai mutum ya tuna yana da wani uzuri.

Shi kaɗai mahaifinsa ya haifa. Da ya auri Furera suka sami ɗa namiji, aka sa masa Hamidu, ana yaye shi kakan ya ɗauke shi zuwa Karofane. Ɗan fari ne, saboda haka Barmo bai taɓa kiran sunansa ba, bai ɗauke shi a gaban mutane ba, bai ci tuwo kwano ɗaya da shi ba. In dole ta kama sai ya ce "yaron can". In aka tambaye shi ƴaƴa nawa gare shi, yakan ce uku, wato Zali da Cima da Almu, kowa kuma ya san akwai wanda aka tsallake. Haka iyaye suka yi, haka aka taras. Hamidu ya tashi dogo, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin uwarsa. A shekarar 1976 ya shiga soja, aka kai shi Dirku, can cikin rairayi.

Bayan shekara biyu ciwon ciki ya kama shi. Aka sa shi a jirgin soja za a kai shi asibiti a Yamai, rai ya yi halinsa kafin jirgin ya sauka. A can aka binne shi. Wani abokinsa soja mai suna Halidu, wanda ya rako shi a jirgin, shi ya kawo jakarsa Madawa, ya zauna wurin makoki tun daga azahar har magariba, tabarma ɗaya da Barmo.

Barmo ya tambaye shi hanya. Ya tambaye shi ko ruwan mota yana tafasa a rairayin arewa, da yadda ake fid da taya in ta nutse. A gaban dattawan unguwa uba ba ya bin ba'asin yadda ɗansa na fari ya cika. Abin da ya samu kawai shi ne abin da ya jiyo ta bayan zana, lokacin da samari suka kewaye Halidu: jirgin mai inji biyu ne, Dakota ake ce masa. Washegari Halidu ya hau mota. Daga baya aka ce an canza masa wurin aiki, ba wanda ya sake jin labarinsa.

Furera ma ba ta tambayi kowa ba. Sai bayan shekara huɗu, wata rana tana tsince wake a faifai, ta yi magana ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Ko a zaune, ko a kwance."

Barmo ya gane, yadda yaron ya cika a cikin jirgin take nufi.

Da aka fara aikin gyaran ƙasa a Keita, aka ɗauke shi makanikin manyan injunan ture ƙasa. A nan ya haɗu da Ranzo, wani Ba'italiye gajere mai tumbi, wanda ya koyi Hausa wurin matan da ke jidar duwatsu, shi ya sa yake magana yana tafa hannu kamar su. Tun makon farko Ranzo ya ce shi da Barmo abokan wasa ne, ba wanda ya san ta ina. Yana kiransa Tsohon Ɓarawon Kile, wato ƙarfen kwance ƙusa, Barmo kuma yana kiransa Tulu. Shekara uku suna kwanciya ƙarƙashin inji ɗaya. A daminar 1987, da aiki ya tsaya aka ba su hutu, Ranzo ya ce sai Barmo ya bi shi ƙasarsu ya ga uwarsa.

Ranar tafiyar ce Barmo ya fara shiga jirgin sama. Murnarsa ba ta daɗe ba. Kujeru ne jere a matse, gwiwarsa tana dukan bayan kujerar gaba, shi da ba dogo ba. Ya duba gaba, ya duba baya, bai ga inda mutum zai miƙe ba ko da a ƙasa ne. Har suka sauka yana ganin, a zuciyarsa, dogon yaro mai ciwon ciki an naɗe shi a kujera irin wannan, an ɗaure shi da ɗamara. Aka kawo abinci bai taɓa ba. Ranzo ya ce tsoro ne, ya cinye nasa ya cinye na Barmo.

Kwana goma suka yi a gidan tsohuwar, tana cusa masa taliya tana yi masa magana da yarenta, shi kuma ya gyara mata keken ɗinki da famfon wanka da wata ƙofa da ba ta ce a taɓa ba. A rana ta goma sha ɗaya Ranzo ya ce gara a fitar da shi kafin ya kwance gidan. Ya kai shi bakin wani tabki inda sojan sama na ƙasar suke ajiye tsofaffin jiragensu don mutane su zo kallo. Shirin shi ne su zaga awa biyu, sannan su ci soyayyen kifi a bakin ruwa.

Rumfuna ne na ƙarfe, kowace ta fi kasuwar Buza tsawo, an share ƙasansu tas. A ta farko Barmo ya tsaya ya riƙe haɓa. Jiragen katako ne, an lulluɓe fukafukansu da ƙyalle an shafa fenti, an ɗaure da waya.

"Tulu, da wanga kakanninku sunka yi yaƙi?"

"Da shi."

"Akurkin kaji ya fi shi ƙwari. Mi ya kai su?"

"Abin da ya kai ka cikin rediyon liman."

Ya ga jajayen jirage masu ƙafafu kamar kwalekwale biyu, waɗanda aka ce daga kan ruwa suke tashi. Ya ga inji an yanka shi biyu kamar kabewa, komai na cikinsa a fili, ya durƙusa a gabansa ya ƙirga fistan har sau biyu. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne babu ɗigon baƙin mai ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Ya ce injin da ba ya zubar da mai, ai gawa ce. Ya kuma ce da maƙeran Madawa za su samu rumfa ɗaya, da babu matar da za ta sake rasa tukunya daga nan har Tawa. Akwai igiya da aka kewaye kowane jirgi da ita, sau uku Ranzo yana janyo shi da riga.

A rumfa ta uku Barmo ya ja ya tsaya. Wani babban jirgi ne mai launin toka, hancinsa sama, wutsiyarsa ƙasa, inji ɗaya a kowane fiffike. Barmo bai yi lakwal ba, wato boko, amma ya saba karanta sunayen da ke jikin kayan gyara. Ya bi allon da ke gaban jirgin da yatsa har ya iske kalmar da yake nema: Dakota. Ya zaga jirgin sau ɗaya. Ƙofar tana can gefe kusa da wutsiya, a rufe. Tagogin sun fi ƙarfin tsawonsa.

"Ina son in ga ciki," ya ce.

"Kai kullum kana son ka ga ciki. Mu tafi, kifi na jira."

"Tambayi mai gadin."

Mai gadin wani tsoho ne mai farin gashin baki, yana zaune a kujera da makullai a ɗamara. Ranzo ya je ya dawo.

"Ya ce doka ta hana. Ko ni ba a bari."

"Hwaɗa mishi wani yaro na garinmu ya taɓa shiga irinshi."

"To sai me? Rabin duniya sun shiga irinshi."

"A ciki ya rasu."

Ranzo ya ce Allah ya jiƙansa, yadda ya ji ana faɗi a Keita, ya koma ya gaya wa tsohon. Tsohon ya buɗe hannuwa, ya nuna igiya, ya nuna agogo. Saura rabin awa a rufe rumfunan don cin abincin rana, jibi kuma Barmo zai koma gida.

Barmo ya san abin da zai buɗe ƙofar nan. Kalma biyu ce. Babu dattijon unguwa a wurin, babu wanda ya san shi sai Tulu, wanda ba ruwansa da kunyar kowa. Ya buɗe baki, harshen ya ƙi. Shekara talatin da wani abu bai faɗa ba, bai san ta inda ake farawa ba. Ranzo ya riga ya juya ya nufi ƙofar fita.

"Tulu. Yaron, jikan babana ne."

Ranzo ya tsaya. "Ɗan wanka ke nan? Ko na ƙanwarka?"

"Ni ɗaya babana ya haifa."

Ranzo ya dube shi, leɓunansa suna motsi kamar mai lissafin girman ƙusa.

"Ka ce mini uku gare ka."

"Haka ake cewa."

"Shekara uku, Barmo."

"Ba a hwaɗi. Na fari ne."

Ranzo bai sake tambaya ba. Ya koma wurin tsohon, wannan karon ya cire hularsa, maganar kuma ba ta yi tsawo ba. Tsohon ya dubi Barmo, ya dubi wasu baƙi huɗu da ke ɗaukar hoto a ƙarshen rumfar. Ya jira har suka fita. Sannan ya tashi ya janyo ɗan tsani daga bayan wani allo, ya ɗage igiyar.

Barmo ya tuɓe takalmansa a gindin tsanin. Ciki da duhu-duhu, da warin tsohon mai da tamfol. Abin da ya fara gani shi ne babu jerin kujeru. Fili ne dogo mai gangara, kamar bayan babbar mota, sai benci na ƙyalle a naɗe jikin bango. Tsohon ya shigo bayansu. Ashe a ƙuruciyarsa makanikin irin wannan jirgi ne, Ranzo yana fassarawa. Ya nuna wasu ƙugiyoyi a bango da madauri masu saukowa daga rufi. Nan ake rataye gadon ɗaukar marar lafiya, in ji shi, hawa-hawa, wani bisa wani.

"In ciwon ya yi tsanani fa?" Barmo ya tambaya.

"Ya ce ƙasa ake sa shi, inda mai jinya zai iya durƙusawa kusa da kansa. Ya ce bai san yadda ake yi a ƙasarku ba, kada ya yi maka ƙarya. Amma jirgin ɗaya ne, ƙugiyoyin ma ɗaya ne."

Barmo ya auna tsakanin ƙugiya da ƙugiya da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Kamu huɗu da taƙi ɗaya, har da ɗan ƙari. Ya sake aunawa. Sannan ya tattara rigarsa ya kwanta a ƙasan jirgin, a gefen dama, ya miƙe ƙafafu. Ƙarfen da sanyi. Daga inda kansa yake yana ganin taga ɗaya, murabba'i, da haske a cikinta. Mutanen biyu suka juya suna duba wani abu a rufi.

Yana kwance ya ce, "Tambaye shi, in injin na aiki, ana jin magana?"

Tsohon ya girgiza kai, ya kama kafaɗar Ranzo ya kai bakinsa daf da kunnensa.

"Ya ce sai haka. In kana son mutum ya ji ka, sai ka rungume shi."

Barmo ya tuna Halidu a kan tabarma, yaro mai natsuwa, wanda ya tashi ya yi alwala tun kafin a kira la'asar. Irinsa ba zai bar mutum ya tafi ba a laƙƙana masa kalmar shahada ba. Bai da tabbas, kuma ya san ba zai taɓa samu ba. Ya ɗan ƙara jimawa, sannan ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya yi wa tsohon godiya da hannu biyu. A bakin ƙofa ya tsaya ya tambayi yadda ake saukar da ƙafafun jirgin, da mai ne ko da waya, tsohon kuwa ya yi masa bayani har lokacin rufewa ya wuce da minti goma.

Ya iso Madawa ranar Laraba da la'asar, gero ya fara fid da kai. Aka yi ta shigowa sannu da zuwa, ya raba tsaraba, ya ba da labarin jiragen katako har sau uku. Sai da gidan ya watse ya iske Furera a bayan ɗaki tana yanka kuɓewa. Ya zauna a kan turmi, ba kusa sosai ba.

"Na shiga irin jirgin," ya ce.

Wuƙar ta tsaya.

"A kwance ake ɗaukar su."

"Ƙafa miƙe?"

"Miƙe. Na auna, har da saura. Kuma akwai wurin da mutum zai durƙusa wajen kai."

Furera ta daɗe tana kallon kuɓewar da ke hannunta.

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta ci gaba da yanka.